Ranar da Baba ya fasa hijira

Shekarar da na kama aikin tafinta wurin Baturen gona, ita ce shekarar da Baba ya rantse sai ya bar Wurno. Gabas za shi, hijira, da mu duka. Wai ƙasa ta zama ta Nasara har abada. Ni ko, wallahi, ban son tahiya. Inna ta yi kuka har ta gaji.

Ran nan ni da Baturen munka zo duba albasa a fadama, munka iske Baba na ban ruwa. Ko sallama bai amsa ma Baturen ba. Ana haka dokin Bature ya harbe ma Baba kwando, Baturen ya juya yana yi ma dokin faɗa da wani yare.

Baba ya ce, "Kai tafinta, mi ya ce?"

Na ce ban ji ba.

"To aikin mi kake yi?"

Kunya ta kama ni, na tambayi Baturen. Ya yi dariya, ya ce harshen gidansu ne, shi ba Ba'ingile ba ne, mutumin wata ƙasa ne kusa da su, wai ita Wales. Da can Rumawa sun ci kakanninsu da yaƙi, sunka gina barikoki, sunka shimfiɗa hanyoyi, sunka haƙe zinariyar duwatsunsu.

Baba ya aje masaki. "Rumawan da muke ji wurin tafsiri? Su ma waɗanga an mallake su?"

Na ce ƙwarai, shekara ɗari ukku da ɗoriya.

"Yanzu ina Rumawan?"

Baturen ya ce sun koma inda sunka hito. Akwai kufan barikinsu kusa da garinsu, tumakin kawunsa ke kiwo a ciki.

"Gonakin hwa?"

"Suna hannun jikokin waɗanda sunka zauna."

Ina juya maganar ina satar kallon Baturen, don na san abin da nake faɗi gaban wanda ke sanye da hular mulki: su ma wata rana za su koma. Shi ma ina jin ya gane, sai ya duƙa yana gyara linzami.

Baba ya daɗe yana kallon shi, sannan ya ce, "Ashe kai ma ɗan talakawa ne." Wannan ban fassara ba.

Da munka juya, ba mu kai ga hanya ba Baba ya ƙwala mani kira.

"In ka tashi aiki, biya ruga. Ka ce ma Arɗo ya kawo shanu su kwana gonar tudu ranin bana. Takin nan sai ya shekara ukku yana aiki, kuma ni za ni ci shi."