Filashin ɗin da ya riƙe ni a duniya

A lokacin da abin nan ya same ni, ni saurayi ne da bai cika shekara ashirin ba. Na gama sakandare ina jiran gurbin karatu, ina zaune a Tudun Wada a nan Minna tare da mahaifiyata da yayata mace, mahaifinmu kuwa ya rasu tun ina firamare. Tun ina ƙarami na san ba kamar sauran samarin layinmu nake ba. Muryata siririya ce, tafiyata ba irin tasu ba ce, kuma zuciyata ba ta taɓa karkata inda tasu ke karkata ba. Wannan na ƙarshen ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Abin da kowa ya sani shi ne hannuna ya iya ɗaurin ɗankwali, har yayata takan ce ranar da na ƙi ɗaura mata, to bikin ma ta fasa zuwa.

Wata rana da yamma wani sabon ɗauri ya zo mini a rai, na rasa kan da zan gwada shi, sai na kafa shi a nawa. Yayata ta kwashe da dariya, ta ɗauki wayata ta fara ɗaukata bidiyo. Ni kuwa da na ga haka sai na ƙara da rangwaɗa da juyi a tsakar gida, Mama tana tankaɗe a gefe tana cewa Allah ya shirye mu. Ba a jima ba aka ɗauke wuta aka ƙi dawo da ita, na kai wayar wurin mai caji a bakin titi kamar yadda kowa ke yi. Ko tunanin cire memori ban yi ba. Su kuwa masu cajin nan su ne dai masu tura wa mutane waƙoƙi da finafinai, duk abin da suka tsinta a wayar wani ya zama hajarsu. Kafin mako ya zagayo, bidiyon wasanmu na cikin gida yana yawo ta bulutut daga waya zuwa waya, har wani mai ƙoƙari ya ɗora masa kiɗa.

Daga nan fita ta gagare ni. In na wuce majalisar samarin layinmu sai a fashe da shewa, ana kirana ɗan daudu, wani ya tashi yana kwaikwayon juyin da na yi. Waɗanda muka taso tare suka daina amsa sallamata. Malamin Islamiyyar da nake taya shi koyar da yara ya aiko cewa in ɗan huta tukuna. Ranar da aka jefe ni da dutse a hanyar masallaci, na dawo na shige ɗaki ban ƙara fitowa ba. Abinci ya fita daga raina, wanka ya zama aiki, in kwanta ido biyu ina kallon rufi. Yayata tana ta kuka tana cewa ita ta ja mini. Ni kuwa har na fara gaya wa kaina cewa da babu ni a duniya da su Mama sun huta da kunya.

Abin mamaki, a cikin wayar nan da ta tona mini asiri akwai wani ɗan zauren hira da muke haɗuwa, mu matasa masu irin halin da nake ciki, kowa da sunan ƙarya. A nan kaɗai nake iya buɗe baki. Cikinsu akwai wata yarinya Kirista 'yar Fadikpe, mai koyon gyaran babur, wadda ba ta sa zane sai wando, ita ma ta sha zagi har ta ƙoshi. Da ta ga rubutuna ya canza, sai ta karɓi lambata ta kafa mini doka. Ta ce ita ba ta da katin ɓarnatarwa, don haka kullum da safe za ta yi mini filashin, ni ma in mayar mata, ma'anarsa na tashi kuma ina nan. Na ce mata wannan ai aikin banza ne, ta ce in yi aikin banzan. Haka muka yi ta yi. Akwai ranakun da ba na yin komai sai danna wannan maɓallin, amma dai ina dannawa.

Wata safiya abin ya yi mini nauyi fiye da kullum. Filashin ɗinta ya shigo, na kalle shi na kife wayar. Ta sake, na yi banza da ita. Sai ga kira na gaske, wayar tana ta ruri har ta katse, kuma duk wanda ya san yarinyar nan ya san ba ƙaramin abu zai sa ta bari a ci mata kati ba. Ban ɗauka ba. Kafin azahar sai na ji sallamar wata baƙuwar murya a tsakar gidanmu. Ashe babur ta ara a garejinsu ta taho Tudun Wada, ba ta san sunana na gaskiya ba, ba ta san gidanmu ba, sai dai unguwarmu da labarin bidiyon da na taɓa faɗa a zauren. Kai tsaye ta tsaya a majalisar samarin nan, ta ce su nuna mata gidan yaron nan na bidiyo, yayarta za ta yi aure kuma irin ɗaurinsa take so. Suna dariya suka nuna mata ƙofa. Bidiyon da ya kulle ni a ɗaki shi ya kawo ta har bakin ɗakin.

Ba ta lallashe ni ba, faɗa ta yi mini da Hausarta ta 'yan Minna, ta ce na sa ta ƙona mai a banza. Sannan ta ja yayata gefe ta gaya mata cewa wannan ba shiru ba ne, ciwo ne, kuma yana kisa. Washegari su biyun suka sa ni a gaba zuwa asibiti. Likitan ya saurare ni bai yi dariya ba, ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan magani, ya ce in riƙa dawowa muna magana. Ban warke a rana ɗaya ba, na sha faɗuwa ina tashi.

Maganar auren yayar yarinyar nan kuwa ashe ba ƙarya ba ce, kuma ni suke so in yi ɗaurin. Da lokacin ya zo na ce ba za ni ba, Mama da kanta ta goge mini riga ta ce in tashi. Na bi ta gaban majalisar nan da ƙafafuna, aka yi shewar, ban tsaya ba kuma ban sunkuyar da kai ba. A Fadikpe na ɗaura wa amarya da ƙawayenta, har wata dattijuwa ta ciro wayarta ta nuna mini bidiyon ta ce sak irin wannan take so. Yau da wannan hannun nake ci, kuma ina alfahari da shi. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu akwai masu kau da kai in sun gan ni, kuma abin da ke zuciyata yana nan inda na adana shi. Amma ina raye, ina fita, ina kallon mutane ido da ido.

Abin da na koya shi ne waya ba ta da zuciya, zuciyar mai riƙe da ita take ɗauka. Masu kai caji, ku cire memorinku. Masu tura bidiyon mutane don dariya, ku sani akwai ɗan wani a ɗaki da ya daina cin abinci saboda yatsanku. Kai kuma ɗan'uwana da kake jin kai kaɗai ne, ka nemi mutum ɗaya da zai lura in ka yi shiru, kuma ka je asibiti, ba abin kunya ba ne. Mama ba ta taɓa tambayata komai ba, ba ta iya karanta saƙo ba, amma ta ji labarin dokar nan wurin yayata. Tun da na bar gida na kama haya, kullum bayan sallar asuba wayata takan yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ban taɓa barin ta jira ba.