Kaburbura Sha Uku a Kyamarar Kawu Mourtala

Zinariya tana 'yar shekara bakwai ta fara jin sunansa. An yi rasuwa a gidansu da ke unguwar Guéma a Parakou, mata na ta salati a tsakar gida, sai kakarta ta ce, "A aika Gare, tashar mota, a kira Mourtala." Zinariya ta ja zanin tsohuwar ta tambaye ta ko wane ne. Ta ce, "Ƙanen uwarki ne. Shi ya ɗauki gawarta zuwa Djougou, kina cikin zanin goyo."

Danginsu jikokin fataken goro ne. A Djougou kakanninsu suka sauke kaya, saboda haka duk wanda ya cika a Parakou, in da hali, can ake mayar da shi a rufe. Kawu Mourtala kuwa direba ne. Yana da wata tsohuwar motar kaya da ake ɗaure ƙofarta da igiya, yana jigilar doya da goro tsakanin garuruwan biyu. Ranar rasuwa sai ya sauke kayan mutane, ya wanke bayan motar da hannunsa, ya shimfiɗa tabarma. Shekara talatin yana wannan. Gajere ne, haƙoransa jajur da goro, kullum da jar hula a ka. Bai haihu ba. Zinariya yake kira Malama, don ita ce ta yi nisa a makaranta.

Tsohuwar makabartar Djougou ba ta da alluna. Fasasshen tulu ne alamar kabari, ko dutse, su ma damina biyu ta kawar da su. Matan gidansu ba sa shiga. Mazan da suka san makwancin kowa sun bi juna ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Kawu shi kaɗai. Abin ya dame shi. Sai ya sayi wata 'yar kyamara ta hannu a wurin wani fasinja, ba ta da katin ajiya, ba ta da wayar jonawa, sai ɗan ma'ajin cikinta mai ɗaukar hoto kaɗan. Ya yi kwana biyu a makabarta. Kowane kabari sai ya cire hularsa ya aza a wajen kai, ya ja da baya har wata bishiya ko kusurwar katanga ta shigo, sannan ya ɗauka.

Da ya dawo Parakou ya zaunar da Zinariya a ƙofar gida. "Malama, ɗauko kayenki, littafin rubutun nan. Ni hannuna sitiyari ya sani." Yana matsa hoto, yana faɗin suna, tana rubutawa da lamba. Sha uku. Da suka zo na tara ya miƙo mata kyamarar. Jar hula a ƙasa, wata bishiya mai reshe biyu, da katanga daga hagu. Ta rubuta sunan uwarta, Halimatus Sa'adiya. Ran nan ta fara ganin inda uwarta take.

Mai wankin hoto ya ce sai an zo da wayar kyamarar. Kawu ya ce zai nema. Gobe, jibi, hanya ta ci gaba da cin sa, Zinariya kuma jarrabawa ta ɗauke mata hankali. Shekara uku kamar wasa. A daminar bara ciwo ya kwantar da shi a Djougou, a gidan yayarsa Inna Azumi mai goro, bai tashi ba. Wannan karon ba a yi jigila ba, yana gida.

Wata takwas bayan haka Zinariya ta je karɓar kyamarar. Inna Azumi ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe ɗakin goro. Sanyi da ƙamshin ɗanyen ganye suka bugo. Ta cusa hannu cikin wani huhu ta zaro ƙunshi, an naɗe shi da ganye tsaf.

"Ga amanarki, 'yar nan. Ko ƙuda bai taɓa ta ba. Na ji an ce kayan nasara ba sa son zafi, shi ya sa na haɗa ta da goro. Safe da yamma ina yayyafa musu ruwa."

Zinariya ta dubi tsohuwar, ta dubi ganyen da ke ɗiga. Me za ta ce? Inna ta ajiye kayan ƙaninta ne yadda ta iya ajiye abu mai daraja. Ta yi godiya, ta sa a jaka.

Ta koma Parakou. A unguwar Titirou akwai Haidar, mai shagon kwamfuta, da aka ce ya iya irin waɗannan. Ya juya kyamarar, ya shinshina, ya ce, "Ƙanwata, a rijiya kika tsinto ta?"

"A ɗakin goro."

"To, ai ta fi goron ɗanyantaka."

Ya cika batirin, ya danna, kyamara ta farka. Zinariya ta ce alhamdu lillahi. Ya zazzage wata leda cike da wayoyi, ya gwada biyar kafin ɗaya ta shiga bakinta. Ya jona. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara kamar ta yi sallama da baƙo, sai wani rubutu ya fito a kusurwa.

"Me ta ce, Yaya Haidar?"

"Non reconnu. Ta ce ba ta san ta ba. Ya kamata ta fito nan kamar akwati, mu buɗe mu kwashe. To ba ta fito ba."

Ya canza ramin da ya jona wayar. Ya kashe ya kunna. Ya koma kan wata kwamfutar, ita ko ƙarar ma ba ta yi ba. Ya ce akwai inda ake faɗa wa kyamara ta zama ma'aji, amma maɓallin shiga wurin ya ƙage, ko da farce aka danna ba ya motsi. Ya haska bakin da fitilar waya, ya nuna mata: ƙarafan ciki sun yi kore shar. Ya goge da tsinke da barasar asibiti, a hankali, sai ɗan haƙori ɗaya ya biyo tsinken. Ya ajiye. Ya sa mata sabon kati ko za a kwafa daga ciki, ta ƙi ganin katin.

"In na buɗe cikinta, ina tsoron ta mutu a hannuna," in ji shi. Dariyar ta bar fuskarsa. "Bon. Ɗauki hoton gilashinta da wayarki, tun yana nunawa."

Gilashin kuwa ruwa ya shige shi. Wani baƙin tabo ya taso daga sama kamar hadari. Zinariya ta matsa har hoto na tara. Ga jar hula, ga ƙasa. Bishiyar da katangar suna ƙarƙashin tabon. Ta karkata kyamarar ta nan, ta karkata ta can, ta ɗauka sau goma, batiri ya mutu. Duk sha ukun haka suke: hula a kan ƙasa, ƙasar da ba ta bambanta da ta ko'ina ba.

Hotunan suna nan ciki lafiya lau, Haidar ya rantse mata. Ƙofar ce babu. Ya ce ko a Cotonou, wataƙila, amma bai san kowa ba. Ta bi shaguna uku a Gare, kowa ya duba koren nan sai ya girgiza kai. Yanzu kyamarar na cikin gwangwanin shinkafa, Zinariya na fito da ita duk Juma'a, tabon na ƙara faɗi.

Ta tambayi waɗanda suka rufe Kawu inda suka sa shi. Wani ya ce gabas, kusa da bishiya. Wani ya ce a'a, can wajen katanga. Ciyawa ta riga ta rufe.

A kayenta, ƙarƙashin suna na sha uku, akwai lamba da ba suna. Ranar da suka yi rubutun, ta rufe kaye ke nan Kawu ya dafe shi da yatsa.

"Tsaya, Malama. Rubuta sha huɗu, ki bar gabanta. Ran da nawa ya zo, ki ba wani namiji hular nan da kyamarar, ya aza ya ɗauka. Ya ja baya sosai, kin ji, bishiya ta fito. Kada in kai kowa gida, ni a rasa inda nake."