Mutumin da ke Bayan Katangar Toka

Har yanzu ranar da aka tura ni wata ruga a bayan Gwiwa ba ta fita daga raina ba, kuma ina so ku da kuka shigo wannan aiki kwanan nan ku ji yadda aka yi. A lokacin ina aiki a wani shago a Kazaure da ke sayar da dikoda, yana kuma tura ma'aikata su ɗaura dish a gidajen mutane. Maigida shi ke karɓar kira ya raba aiki. A ƙarƙashinsa akwai mu masu haɗawa, kowa da babur ɗinsa da jakar kayan aiki. Ni aka ba wa ɓangaren Roni da Gwiwa.

Ranar Talata ce a ƙarshen damina, an fara yankan gero. Da hantsi Maigida ya kira ni ya ce, "Sanusi, gidan Malam Haruna malamin firamare, wanda ka haɗa musu wata uku da suka wuce. Wai toka-toka ya fito a gefen hoton. Babansa ya ce lallai a gyara kafin la'asar."

Na ce, "Maigida, saboda wannan zan ƙona mai har Gwiwa? Ai maɓalli ɗaya ne a rimot. A gaya musu ta waya mana."

Ya ce, "An gaya musu, tsohon bai yarda ba. Ka je."

Ga wanda bai san abin ba, ga yadda yake. Talabijin na da, mai ƙaton baya, fuskarsa kusan murabba'i ce, muna kiran girmanta huɗu da uku. Na yanzu, wanda ake rataya wa a bango, fuskarsa mai faɗi ce, sha shida da tara. Idan hoton da ya shigo na huɗu da uku ne, ba ya cika fuskar mai faɗi. Sai ya tsaya a tsakiya, talabijin ya cike dama da hagu da launin toka. Mutane ba sa son ganin haka, suna ganin kamar an ba su rabin kaya.

Na isa bayan azahar. Rugar ta Fulani ce waɗanda suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Malam Haruna ya yi wa mahaifinsa ɗaki na bulo da sola a kan rufi, a nan talabijin ɗin yake. Tsohon, Baffa Buba, yana zaune a kan buzu, dogo siriri, gemunsa fari tas. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ja gaisuwar ba, abin da ba halin dattawanmu ba ne. Ya nuna gefen dama na talabijin da sandarsa ya ce, "Ɗana, wannan katangar nake so ka kawar. Akwai mutum a bayanta."

Na kalli Malam Haruna. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na danne dariya, na ce, "Baffa, babu komai a bayanta, wuri ne da hoto bai kai ba. Amma yanzu zan cire maka ita."

Na ɗauki rimot ɗin talabijin na danna maɓallin faɗaɗawa. Nan take tokar ta ɓace, hoto ya cika fuska daga wannan gefe zuwa wancan. Ana nuna wasu mata suna sussuka. Na fara naɗe jakata.

Baffa ya dubi hoton na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ka kumbura mutanen nan ne kawai. Dubi turmin, ya zama kamar akushi. Abin da ke wurin ɗazu shi ne a wurin yanzu. Ba ka buɗe komai ba."

Na tsaya da jakar a hannu. Gaskiya ya faɗa. Maɓallin da na danna jan hoton yake yi kamar roba, ba ya ƙara ko tsinke.

Sai Malam Haruna ya ja ni waje ya ba ni labari. Mahaifinsa yana da ƙane mai bi masa, Sambo. A wata shekara da fari ya tsananta, tun Haruna yana goye, 'yan'uwan biyu suka raba garken ubansu. Buba ya zauna da tsofaffi, Sambo ya kora nasa kason ya yi kudu neman ciyawa. Shekarun farko ana samun saƙonsa a bakin masu dawowa, daga baya shiru. An nema har an gaji, wasu a dangi sun yi masa addu'ar mamaci. To, daren jiya wata tashar Hausa ta nuna shirin noma da kiwo daga wata kasuwar shanu can ƙasar Adamawa. Ana hira da wani dillali, sai tsohon ya miƙe zumbur. Ya ce ya ji wani a bayan fage yana kiran saniya da irin kiran gidansu, kuma a bakin tokar nan ya ga kan wata jar saniya mai tsaga biyu a kunnen hagu, da hannun mutum a kan tozonta. Hannu kawai, sauran jikin ya shige toka. Bai runtsa ba tun lokacin. Tashar za ta maimaita shirin bayan la'asar, kuma daga nan sai wani sabo.

Malam Haruna ya ce, "Ni dai ina tsoron kada abin ya taɓa masa kai. Ka yi masa bayani a hankali cewa babu komai a wurin."

Ina shirin amsa masa sai na tuna yadda na yi haɗin nan. Ranar ina sauri, hadari ya taso. Na haɗa dikoda da talabijin da tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, hoto ya fito, na hau babur. Ban shiga saitin dikodar ba. Ita kuwa irin wannan dikoda, idan aka bar ta a kan huɗu da uku, ɗauka take tsohon talabijin ne a gabanta. Idan tasha ta aiko hoto mai faɗi, sai ta datse gefe da gefe ta tura tsakiyar kawai. Wato mai yiwuwa ne hoton mutumin yana saukowa har cikin ɗakin, dikodar ce ke yanke shi. Tsohon da bai taɓa riƙe rimot ba ya fi ni gane abin da ke faruwa.

Na koma ciki na sake durƙusawa. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, laifina ne. Zan gwada. Amma ka sani, idan su masu shirin da ƙaramin hoto suka ɗauka tun asali, babu abin da zan iya buɗewa."

Ya ce, "Yi naka, sauran na Allah ne."

Na mayar da talabijin kan sha shida da tara, na cire waya mai kai uku na sa HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da murya a waya guda kuma ta fi fitar da hoto tangaran. Na shiga saitin dikoda, sai ta nemi lambar sirri. Na sa wadda take zuwa da ita daga kamfani, ta ƙi. Ashe Malam Haruna ya canza ta don kada a riƙa taɓa tashoshi, kuma ya manta. Ya gwada shekarar haihuwarsa, ya gwada ƙarshen lambar wayarsa, duk a banza. Aka kira sallar la'asar. Muka yi salla a ƙofar ɗaki, ni dai Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kan dikoda.

Da muka idar na hau kan wani suri inda ake samun sabis na kira Maigida. Ya ce, "Kada ka kuskura ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, duk tashoshin za su goge, sai ka yi awa kana nema." Ya karanto mini babbar lambar da dillalai kaɗai ake ba wa. Na rubuta a tafin hannu na ruga.

Ta buɗe. Na je wurin girman hoto, ga shi nan ƙuru-ƙuru, huɗu da uku. Na mayar da shi sha shida da tara na fita. Fuskar ta yi baƙi na daƙiƙa biyu, sannan hoto ya dawo ya cika ta, ba kumburi, ba toka. An riga an fara shirin.

Ɗakin ya cika da mutane, amma ba ka jin ko tari. Aka nuna ƙofar kasuwa, aka nuna masu igiya. Sai ga dillalin yana magana. Can bayansa muka ji wani ya yi kira, wani sauti daga maƙogwaro da ɗan kaɗa harshe, ni ban ma ɗauke shi magana ba. Ga jar saniya a dama. Ga hannu a kan tozonta. Kuma a wurin da tun wata uku babu komai sai toka, ga wani dattijo tsaye da malfa, sanda a kafaɗa, ya juyo yana kallon mai ɗaukar hoto. Dogon hancin nan, da yadda ya karkatar da wuya, kai ka ce Baffa Buba ne aka ɗauka aka kai kasuwar.

Rimot na hannuna ban san ya faɗi ba. Malam Haruna ya yi ta ɗaukar fuskar talabijin da wayarsa. Tsohon ya tashi ba tare da sanda ba, ya je har gaban gilashin, ya yi magana da Fillanci a hankali, kamar mai gudun kada ya firgita wani. Bai fi daƙiƙa goma ba hoton ya wuce. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta fashe da kuka tana salati. Daga baya na tambayi Malam Haruna abin da mahaifinsa ya ce. Ya ce cewa ya yi, "Sambo, ka tsufa."

An faɗi sunan kasuwar a cikin shirin. Da aka yi hutun makaranta Malam Haruna ya hau mota da hoton a wayarsa, ya nuna wa shugabannin 'yan tike, wato masu cinikin shanu a kasuwar, suka haɗa shi da wanda ya san rugar dattijon. Sambo yana raye. Ya yi doguwar jinya a can, shanunsa suka kusa ƙarewa, kunya ta hana shi aiko saƙo, shekaru suka yi ta tafiya. Malam Haruna ya lallashe shi ya taho da shi gida.

Bayan an gama kai amfanin gona gida aka aiko mini in je. Na tarar da su biyun a gindin wata tsamiya a kan tabarma ɗaya, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Ba sa ma hira sosai. Baffa Buba ya ce wa ƙanensa, "Ga wanda ya buɗe ka." Na rasa inda zan sa kaina, domin ni na san wanda ya rufe shi tun farko.

Tun daga ranar ban sake barin gida ba sai na duba saiti biyu, na dikoda da na talabijin, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Kuma idan mai gida ya kwatanta muku matsala da kalmomin da suka ba ku dariya, ku ajiye rimot ku saurara har ya gama. Mun san wayoyi da lambobi. Amma mutumin da ya shekara saba'in yana rarrabe saniyarsa a cikin ɗari tun daga nesa, idan ya ce ya ga wani abu, to ya gani.