Sarkin da Yake Yin Ƙwai

Ni dai ban taɓa kusantar ƙudan zuma ba, tsoronsu nake ji har gobe. Amma madafina yana jikin katangar baya, akwatinsu kuma yana gindin tsamiyar da ke bayan katangar, don haka na san kukansu kamar yadda na san tarin maigidana. In suna lafiya, ƙarar ƙasa-ƙasa take, kamar injin niƙa a wata unguwa.

Ƙudajen na Baba ne, surukina, Allah ya jiƙansa. A amya ya ajiye su can saman tsamiyar, tun kafin a kawo ni Wurno daga Maruta. Bayan rasuwarsa amyar ta ruɓe, maigidana Malam ya sauko da su ya mayar cikin akwatin katako irin na zamani. Yana da wasu a gona, amma wannan daban yake a wurinsa. Kullum da safe sai ya leƙa ya yi musu sallama, kamar mai gaida tsoho.

A shekarar da nake faɗa, sanyi ya wuce, mangwaro ya yi huda, ɗorawa ta yi fure, lokacin da akwati ke cika da 'ya'ya ke nan. Sai na ji kukan ya sauya. Ya yi sama, ya yi kaifi, ya ƙi zama wuri guda, kamar gidan rasuwa kafin a fita da gawa.

Na ce, "Malam, mutanen Baba ba lafiya."

Ya ce, "Ke da ko leƙa su ba kya yi?"

Amma ya tafi. Da yamma ya hura busasshen kashin shanu, ya yi musu hayaƙi, ya buɗe. Ya dawo ya zauna a tabarma, tuwo ya huce a gabansa.

"Sarki ya mutu," in ji shi. "Babu ɗa ko guda a saƙa. Sai tsofaffi."

A sanin da ya gada, in sarkin zuma ya mutu gari ya watse ke nan. Sai a turara wurin a jira wasu su shigo. Ya ce baƙi za su zo, ba ya shakka, amma na Baba sun ƙare. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ana haka ƙanena ya zo cin kasuwar Birnin Kudu, ya biyo gaishe ni. Shi ma mai kiwon zuma ne a Maruta, gemunsa har ya fara furfura, amma wasan da ke tsakaninsa da Malam bai tsufa ba. Da ya ji labari sai ya ce, "Yaya, wane sarki? Mace ce fa. Ita kaɗai ke yin ƙwai a gidan."

"Sannu, shehin malami. A garinku ne sarki ke yin ƙwai?"

"Wallahi malamin gona ya nuna mana, na gan ta da idona tana bin rami-rami tana sakawa. Ka bari in yanko maka saƙa mai sabon ƙwai daga nawa. In ka sa musu, su da kansu za su zaɓi ɗaya su rene ta ta zama uwa."

Har na ɗauka Malam ya yarda. Can ya girgiza kai. "In uwar daga Maruta take, ai 'ya'yan ma na Maruta ne. Ina na Baba a nan?"

Ina tsame wake a lokacin. Na ajiye matsamin na fito.

"Malam, ni daga ina aka kawo ni?"

"Ke kuma me ya kawo ki ciki?"

"A'a, tambaya ce. Yaran nan da na haifa maka, jikokin wa ake ce musu?"

Ƙanena ya ƙyalƙyale har hularsa ta faɗi.

"Ke ai mutum ce," in ji Malam.

Na ce, "Ita ma a ɗakin Baba za ta buɗe ido. Tsofaffin Baba ne za su ba ta abinci a baki, su rene mata 'ya'ya. Ni wa ya koya mini miyar gidan nan, ba Inna mahaifiyarka ba?"

Ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya dubi ƙanena. "To. Amma ka zaɓo mai hankali, ba mai surutu irin yayarka ba."

Washegari aka kawo saƙar a babur, naɗe cikin jiƙaƙƙen zane saboda rana. Suka sa ta a tsakiya. Da suka duba daga baya, sai ga wani ɗan ɗaki rataye a jikinta kamar kwanson gyaɗa. Ƙanena ya ce ita ce a ciki, kada a sake buɗewa sai an kwana biyu.

Wannan jiran ya wahalar da Malam. Mutumin da bai san hanyar madafi ba, sai ga shi a bakin ƙofa safe da yamma.

"Me suke cewa yau?"

"Suna cewa ka ba ni wuri in yi girki."

A hankali ƙarar ta sauko. Ranar da ya buɗe, daga cikin gida na jiyo kabbararsa. Ya shigo leɓensa na sama a kumbure, idanunsa jawur, yana cewa saƙa ta cika da 'ya'ya an rufe su, launin bayan gurasa, gefe zuwa gefe. Ya yi wa Baba addu'a, muka shafa.

Na ce, "Wannan hawayen, hayaƙi ne ko harbi?"

"Harbi ne mana. Bakin 'yan Maruta, ga shi nan."

Na ce, "A'a Malam, namu ba su ma fito daga ɗaki ba. Wannan aikin danginku ne."

Ya so ya yi dariya, leɓen ya hana shi.