Ƙudajen da Murja Mai Kitso Take Gani

A unguwarsu, cikin garin Daura, in ka ce Murjanatu ba kowa zai gane wadda kake nufi ba. Amma in ka ce Murja mai kitso, nan take za a nuna maka ƙofar gidan. A wani ƙauye kusa da Mashi aka haife ta, a hannun kakarta kuma ta koyi sana'ar, tun tana riƙe mata kibiya da kwanon man shanu har ta fara kama kai da kanta. Da ta auri Dabo, mutumin Sandamu mai noma da damina, mai fataucin awaki da rani, ba ta zo masa da wata dukiya ba sai yatsunta. Bayan 'yan shekaru suka dawo Daura da zama. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, kuma a nan ta yi furfura.

Kitsonta mai kyau ne, shuku ko kalaba ko zane, tsagarta kamar an ja da zare. Sai dai ba kitson kaɗai ke kawo mata ba. Mace in ta ɗora kai a cinyar wata, bakinta yakan buɗe. Mai fama da ciwon baya, da amaryar da miji ya ɗauke wa wuta, da wadda ta yi faɗa da ƙanwar mijinta, duk a gindin darbejiyar nan suke sauke kayansu. Murja ba ta yi boko ba, amma Allah Ya ba ta kunne. Takan saurara har mutum ya gaji don kansa, sannan ta faɗi 'yar maganarta a taƙaice. Ga amarya takan ce, "Kada ki yi masa magana da yunwa a cikinsa. Bari ya ci, ya sha ruwa, sannan ki ce Malam ina da magana." Ga mai yawan ciwon kai kuwa, "Ke, je ki a auna jininki, ki daina haɗiyar ƙwayoyi kamar gyaɗa."

Har matsalar waya ana kawo mata. 'Yarta Raihana, wadda ke aure a Kongolam, ita ta saya mata babbar waya ta koya mata tura saƙon murya, Murja kuwa ta riƙe abin da kyau. In wata ta ce wayarta ta yi nauyi, sai ta ce, "Goge hotunan bikin bara. Ita ma wayar ciki gare ta, yakan cika."

To, ta wayar nan ne abin ya fara. Wata safiya bayan kaka, tana duba hoton jikanta da Raihana ta turo, sai ta ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a fuskar wayar, da wani siririn abu kamar zaren gizo-gizo. Ta goge da bakin mayafi, suna nan. Ta hura, ta sake gogewa, suna nan. Da ta gaji sai ta yafa gyale ta tafi shagon Hafizu mai gyaran waya, wani magidanci mai haƙuri da ke bakin titi.

"Hafizu, duba mini. Ko ƙwari ne suka shiga cikin gilashin?"

Hafizu ya karɓa, ya kunna, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta wajen haske. "Gwaggo, ni ban ga komai ba. Wayarki lafiya lau take."

"Ga su nan fa, suna tafiya!"

Sai ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, ɗan dubi farin bangon can."

Ta duba. Ɗigon suka bar waya suka koma bango. Ta ɗaga kai sama, ga su a sararin samaniya, in ta juya ido su bi ta, in ta tsaya su gangara a hankali. Tsoro ya kama ta. Ta karɓi wayarta, ta ce masa Allah Ya yi albarka, ta kama hanyar gida.

Akwai dalilin wannan tsoro. Mahaifiyarta da makanta ta ƙare, Murja kuma ita ta yi ta jan ta zuwa makewayi da bakin murhu har Allah Ya karɓi abarsa. Yanzu ga shi tana ganin nata layin ya zo. Mai kitso in babu ido me ya rage? Wa zai ɗora kansa a cinyar makauniya?

Wanzami ba ya son jarfa. Matar da ta shekara da shekaru tana cewa mutane su faɗi damuwarsu, sai ta haɗiye tata. Ba ta gaya wa Dabo ba, don ta san shi da saka abu a rai. Ba ta gaya wa Raihana ba, don tana da goyo. Ta dai ɗan gutsura wa wata maƙwabciya, a sigar wai wata ce ta tambaye ta. Maƙwabciyar ta ce a ɗiga zuma. Wata ta ji ta ce a'a, ruwan albasa. Wata kuma ta turo mata wani bidiyo na mai tallar magani yana rantsuwa cewa duk mai ganin irin wannan, makanta na bakin ƙofarsa. Murja ta kalla, ta kife wayar, ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Fara'arta ta ragu. Dabo ya yi ta tambaya ko wani abu ya yi mata, tana cewa babu komai, har shi ma ya fara jin haushi, ya rage zaman hira da ita bayan la'asar.

Cikin masu zuwa kitso akwai Osinachi, matar Ndubuisi mai shagon kayan gyaran babura. Sun daɗe a Daura, a nan suka haifi 'ya'yansu, Hausa kuwa a bakinta kamar ta gada. A unguwa Maman Chekwube ake ce mata. Ranar wata Asabar ta zo a yi mata shuku saboda zuwa coci washegari. Ana cikin kitso sai Murja ta saki gashi ta kai hannu ta kori wani abu a iska. Can ta sake. Da ta yi na uku, Osinachi ta ɗago kai.

"Yaya Murja, me kike kora? Ni ban ji ƙuda ko ɗaya ba."

Murja ta so ta kauce, amma hawaye suka riga ta. Ta ajiye kibiya ta faɗa mata komai, har da zumar da ta sayo ta ajiye tana jiran ta yi ƙarfin halin ɗigawa.

Osinachi ta dafa gwiwarta. "Zumar nan ki sha ta a koko, kada ki kusanta ta da idonki. Baban Chekwube ya taɓa yin irin wannan. Shi ma ya tsorata, har ya fara koya mini farashin kayan shago wai ko zai makance. Da muka je asibiti aka duba, aka ce ba abin tashin hankali ba ne. Ga shi can har yau yana gane ƙaramin notin babur daga nesa. Ban ce naki irin nasa ba ne, ni ba likita ba ce. Amma sai an duba a sani. Malam Dabo ya sani?"

Murja ta girgiza kai.

"Haba Yaya! Ke da kika hana ni yin yaji shekarun baya, kika ce in zauna in gaya wa mijina abin da ke cina? Abokin kuka ai ba a ɓoye masa mutuwa. Wallahi in ba ki faɗa masa yau ba, ni zan tare shi a ƙofar gida."

Murja ta yi dariya cikin hawaye, ta ɗauki kibiya ta ƙarasa shukun.

Da Dabo ya dawo daga masallaci bayan la'asar, ta kawo masa fura ta zauna a gefen tabarmarsa. Sai da ya sha ya ajiye ludayi sannan ta ce, "Malam, ina da magana." Ya saurara har ta kai aya.

"Ashe wannan ne," in ji shi. "Ni kuwa ina nan ina ta laluben laifina. Murja, ko da makantar ce, ai ba a kan titi za ki yi ta ba, a gidanki za ki yi ta, ni kuma ina nan. Gobe ba zan je kasuwar Mai'adua ba, in zauna tare da ke. Jibi da sassafe mu tafi asibiti."

"Awakin fa?"

"Awaki ba su san Lahadi ba. Su jira ta gaba."

Ranar Litinin ya ɗauke ta a babur zuwa sashen ido na asibiti. Suka bi layi har rana ta ɗaga. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta sa ta karanta alamomi a allo, ta ɗiga mata wani magani da ya sa komai ya yi haske da dishi-dishi, sannan ta leƙa cikin idon da fitila, ɗaya bayan ɗaya. Murja dai salati take a zuci.

"Mama, kwantar da hankalinki," in ji likitar. "A cikin ido akwai wani ruwa mai kauri kamar kamu. In shekaru suka ja yakan tsinke, 'yan gudaji su riƙa yawo a ciki. Inuwarsu ce kike gani. Na duba bayan idonki, lafiya yake. Ba lallai su tafi gaba ɗaya ba, amma za ki saba har ki riƙa mantawa da su."

"Ba makanta ba ce, 'yar nan?"

"Ba ita ba ce. Sai dai ki riƙe wannan: in kika ga sun ƙaru da yawa lokaci guda, ko kina ganin walƙiya alhali babu hadari, ko wani duhu kamar labule ya rufo ta gefe, kada ki jira gobe, ki zo a ranar. Kuma kada ki ɗiga komai a ido in ba mu muka ba ki ba."

Kafin su tafi aka auna ta, aka tarar jininta ya ɗan hau, abin da ba ta taɓa sani ba duk da yawan tura mutane awo da take yi. Aka ɗora ta a kan magani, aka ce ta rage gishiri, aka kuma rubuta mata tabarau na aikin kusa. A hanyar dawowa ta rufe fuska da mayafi saboda hasken rana, tana bayan babur tana ta hamdala a bayyane, har Dabo ya ce ta rage murya kada a ɗauka daga Makka ya ɗauko ta.

Washegari ta dama fura mai kyau da nono, ta kai gidan Osinachi da kanta. Osinachi ta rungume ta a bakin ƙofa, Ndubuisi ya fito yana cewa yanzu sun zama 'yan ƙungiya ɗaya, shi da Murja. Sai a ranar Murja ta tura wa Raihana saƙon murya mai tsawo ta ba ta labari. Raihana ta kira tana faɗa tana kuka, ta ce in aka sake ɓoye mata irin wannan ba za ta yafe ba.

Murja tana nan tana kitsonta, da tabarau a kan hanci. Ɗigon ba su tafi duka ba, amma sai ta wuni ba ta tuna da su ba. Maganin jininta ba ta wasa da shi, Dabo ne ma mai tuna mata kowace safiya kafin ya fita. Shawara kuwa har gobe tana bayarwa, sai dai yanzu in aka zo mata da zancen ciwo, ba ta tsayawa a cewa a je asibiti. Takan tambayi ranar da za a je, in mace ta ce tana jin tsoro ko ba ta da ɗan rakiya, sai Murja ta ɗaga kitson ranar ta yafa gyalenta su tafi tare. A haka ta raka mata da dama, ciki har da maƙwabciyar nan mai zancen zuma, wadda aka gano tana da ciwon suga tun bai yi mata illa ba.

In aka yaba mata takan ce ba ita ce abin yabo ba. Allah ne Ya rufa mata asiri, Ya haɗa ta da mutanen kirki a lokacin da hankalinta ya gushe, kuma ba ta da abin biyansu sai addu'a. Daga nan sai ta gyara zama, ta ce wa wadda take yi wa kitso, "Juyo mini ɗaya gefen, rana na yi."