Ɗakin da Na Gina wa Inna

A ƙauyenmu, can bayan garin Hasahisa, ba a gina ɗakin ƙasa a lokacin. Kowa bukka, kara da ciyawa. Iyayenmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango don su tsinci audugar shekara ɗaya, sai ga shi a nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijin ya rasu. Amma ka tambayi kowane tsoho, ce maka zai yi shi matafiyi ne. Wanda ya aza tubali kuwa, an ce ya warware niyyar hajji.

To, ni na aza.

Maƙwabciyarmu ce ta tunzura ni, wata tsohuwa da ƙafafu suka ƙi. Damina uku tana kwance, bukka na yoyo a kanta, ga baƙar lakar yankin nan namu na Jazira har gindin gado. Ƙofar kuma 'yar ƙarama, in za a fito da ita ta sha hantsi sai an ja ta a tabarma. Wata rana na dawo daga duba ta, na tarar da Inna tana dafa gwiwa sau biyu kafin ta miƙe daga gaban murhu. Na ce wallahi ba za a ja uwata a tabarma ba.

Ana gama tsinkar auduga na shiga jidar ruwa daga tur'a, magudanar nan da ke shayar da gonaki, ina kwaɓa ƙasa da ƙafata. Na ce wa magini ya ɗaga daɓen, ya buɗa ƙofar yadda angarib, gadon nan namu na igiya, zai shige da mutum a kai, a kuma haƙa masai kusa.

Kawu, yayan Inna, ya zo da carbinsa ya tsaya a kan aikin. Wai na ja wa gida abin kunya, wai na yanke wa ƙanwarsa ƙauna tun tana da rai. Na ce ya yi haƙuri, in tafiya ta tashi gobe ni zan kai kayanta tashar jirgi a kaina, amma kafin nan a ina za ta tsufa? Ya ce ba ni da ta ido. Ban musa ba.

Fushin Inna ne ya fi ci mini rai. Ta daina cin kisra, wainarmu ta dawa, in dai ni na toya, in na gaishe ta sai ta amsa da ka. Shekara biyu ɗakin na tsaye ba ta ko leƙa shi ba. Sai ranar da ta zame a gindin randa, ƙugu ya goce, muka ɗauke ta da gadon muka shige da ita, tana kuka tana cewa a mayar da ita bukkarta.

Shekara bakwai ta yi a ciki, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, tana yi mini tsaki ina yi mata tausa.

Da ciwon ajali ya zo, na durƙusa na roƙi gafara kamar yadda ake yi. Ta dube ni, idonta tar.

"Na yafe miki nonona, na yafe miki bakin nan naki. Ɗakin ne ban yafe ba. Ke kika zaunar da ni."

Matan da ke wurin suka yi ta zungurina in ce na tuba. Ta yaya zan tuba daga abin da ko gobe zan sake? Na gyara mata mayafi.

"To Inna, a bar shi a wuyana. Zan iya ɗauka."