Sitacin Goggo a Injin Baba

Ranar wata Laraba, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, muna hutun makaranta, saura kwana uku kakata ta dawo daga Makka, Baba ya sauke injin feshin fenti a ƙofar gidanmu na Yendi. Aro ya yi daga wani abokinsa a Bawku, kuma tun kafin injin ya iso ya riga ya cika unguwa da labarinsa. A zangonmu ba a tarbar mahajjaci da tsohon bango, dole gida ya sha fenti ciki da waje. Baba ya shekara ashirin yana wannan sana'a da buroshi, amma a wannan karon ya ce wa duk wanda ya tsaya, "Kafin la'asar na gama." Masu shaguna suka bar shagunansu, mata masu tallan doya suka sauke kwanuka, mu kuma muka watsar da ampe, wasanmu na tsalle da tafi, muka zagaye shi.

Injin yana da tiyo biyu. Gajeren ana tsoma shi a bokiti ya zuƙo fenti, dogon kuma yana ƙarewa da bindigar feshi. Baba ya tada janareta, ya ɗaga bindigar, fenti mai ruwan ƙwai ya bazu a bango sumul. Bai yi taku biyar ba sai bindigar ta fara tari, ta tofa wasu ɗigo masu kauri, ta yi shiru. Ya kashe injin, ya matsa kunamar bindigar a cikin bokiti har ƙarfin ya fita, sannan ya kwance mariƙin ya zaro filta, wata siririyar rariya mai tsawon yatsa. Ta toshe da wani abu fari mai yauƙi. Ya goge ta da tsohon buroshin haƙori, ya mayar, ya yi taku biyar, ta sake toshewa. Ya buɗe babbar filtar da ke jikin injin, ita ma haka. Ya duba ta bakin gajeren tiyo, haka. Kafin azahar ya yi wannan wankin ya fi a ƙirga, gumi ya jiƙa masa riga, mutane kuma sun fara ba shi shawarar da bai tambaya ba.

Ni kaɗai a wurin na san mene ne farin abin nan. Goggo Asabe, yayar Baba, ta zo daga Salaga tun farkon mako don shirin tarba, kuma ita ba ta yarda da aikin da ba ta sa hannu a ciki ba. A gidan da ta tashi, farar ƙasa ake shafa wa bango, kuma sai an dama sitacin rogo da gishiri an zuba, don kada ta riƙa goge wa mutane a tufafi. Da safen nan, Baba na ƙulla wayoyi, ta kira ni madafi ta miƙo mini kwano mai ɗumi ta ce, "Juye a bokitin ubanki ki gauraya. Kada ki gaya masa, yaran yanzu gardama gare su." Baba a lokacin ya haura arba'in. Na juye, na gauraya da muciya, ina jin daɗin an ba ni aikin manya.

Alhamis ta fi Laraba muni. Na dawo daga ɗibar ruwa, na share tsakar gida, na zauna ɓarar gyaɗa da ƙannena, sai ga kwanon Goggo kuma, don ta ga an buɗe sabon bokiti. Na so in ƙi, amma a gidanmu ko Mma, mahaifiyata, ba ta musa wa Goggo, balle ni, don haka na sake juyewa. Baba ya zargi ruwan famfo, ya sa aka tace shi. Ya zargi fentin, ya ce tsoho aka sayar masa. Ya juya kan bindigar baya ya fesa ko datti zai fita, ya kira mai injin a waya suna ta ɗaga murya, shi yana cewa ya wanke, wancan yana cewa bai wanke da kyau ba. Ya tace bokiti guda da tsohon gidan sauro, abin ya ɗan yi tafiya, amma sitacin da ya narke ya bi ta ramukan ya sake taruwa a filta. Ina tsaye riƙe da kwanon ruwan wanki, ina kallon yatsunsa da suka yi jawur. Wani tela da ke gefenmu ya leƙo ya ce, "Mai Inji, la'asar ɗin wace rana ka ce?" Kowa ya yi dariya, har da Baba, amma na ga yadda muƙamuƙinsa ya ɗaure. Haushin Goggo nake ji, da na telan, da na kaina fiye da duka.

Sai ranar Juma'a da hantsi na faɗa, lokacin da bokiti ɗaya tak ya rage ba a buɗe ba, kwano na uku kuma yana hannuna. Maimakon in nufi bokitin, na kai wa Baba na ajiye a gabansa. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya dubi filtar da ke ɗaya hannun. "Tun yaushe?" ya tambaya. Na ce tun Laraba. Na jira mari, bai zo ba. Ya tashi ya tafi ƙofar madafi ya ce, "Yaya, wannan ba farar ƙasa ba ce." Goggo ko ɗagowa ba ta yi daga tukunya ba, ta ce, "To so kake uwarmu ta jingina da bango ta tashi da farin baya?" Ya juya ya koma wurin injin. Ƙani ba ya yi wa yayarsa faɗa a gaban 'ya'yansa.

Ya zuƙi ruwa mai tsabta ta cikin injin har ya fito garau, ya wanke filta ukun, ya buɗe bokitin ƙarshe da hannunsa. Injin ya yi aiki kamar yadda ya yi ta faɗa. Cikin ɗan lokaci zaure da ɗakin kakata suka fito fes, babu tari ko sau ɗaya. Sai dai babu wanda ya gani. 'Yan kallo sun gaji tun jiya, maza suna shirin masallaci, ni kaɗai ce a bayansa ina jan tiyo. Bangon waje, wanda duk unguwa ke gani, da buroshi ya koma masa da fentin mai sitacin Goggo, ya fito layi-layi. Motar da ta ɗauko kakata Hajiya daga Tamale ta tsaya ranar Asabar yana kan tsani, kusurwa ɗaya ba a taɓa ba. Ya sauko ya rungumi mahaifiyarsa da hannuwa a buɗe don kada ya ɓata mata farin mayafi.

Injin ya koma Bawku a motar Litinin, Baba bai sake aron wani ba. Yanzu a Yendi samari suna fesa gidan bene a yini guda, suna tace fentinsu kafin su fara, kuma babu mai tsayawa kallo. Baba ya ci gaba da buroshi har kafaɗarsa ta gaza, sunan Mai Inji kuma ya bi shi har ranar jana'izarsa, inda mutanen da ba su san asalinsa ba suka riƙa faɗinsa da girmamawa. Bai taɓa tada mini zancen ba, bai kuma taɓa gaya wa telan gaskiyar abin da ya faru ba, don sai ya ambaci yayarsa da 'yarsa. Da na buɗe baki ranar Laraba, da unguwa ta ga abin da na gani.